Corsair ɗin Tamiya mai 1/48: haɗawa ba wuya, tsufar da shi ne aikin

Jama'a sati biyar kenan ina fama da wannan ɗan jirgin saman roba na haɗawa, jiya da daddare na ɗora masa banish na ƙarshe, shine nace bari in faɗi abinda na gani tun abun yana sabo a kaina. Wanda na haɗa shine F4U-1A Corsair na kamfanin Tamiya, waɗannan na Shizuoka a Japan, ma'aunin 1/48, wato duk santimita ɗaya a jikin robar santimita 48 ne a jikin jirgin gaske. Faɗin fukafukan na gasken kusan mita 12 da rabi ne, kaga in ka gama zaka samu abu mai faɗin santimita 26 haka, ya cika hannu amma bai cinye tebur ba.

Ga wanda bai san jirgin ba, kamfanin Vought na Amurka ne ya ƙera shi, ya fara tashi a watan Mayun 1940, kuma abinda yasa ko daga nesa kake gane shi shine fukafukan nan da suka lanƙwasa ƙasa sannan suka miƙe sama kamar harafin W. Ba ado bane. Injin Pratt & Whitney R-2800 aka sa masa mai silinda 18 da ƙarfin doki 2,000, farfelar da zata iya ɗaukar wannan ƙarfin kuwa faɗinta ya kai mita 4, to in fiffiken miƙaƙƙe ne sai an yi masa dogayen ƙafafu kamar na zalɓe kafin farfelar ta daina taɓa ƙasa, shine suka lanƙwasa fiffiken suka dasa tayoyin a daidai gwiwar. Wannan lanƙwasar ce ta fi bani tsoro kafin in buɗe kwalin don na ɗauka nan zan sha bodi fila da sanfefa, amma wallahi ko kaɗan, tsakiyar fiffiken ta zauna a jikin gangar kamar dama can tare aka zuba su, na ɗan zizara gam mai ruwa-ruwa ɗin nan nasu Extra Thin a bakin layin ya bi da kansa, shikenan.

Wurin zaman matuƙi ma sun yi ƙoƙari. Corsair na farko-farko bashi da daɓe a ƙasan kujera, wasu ƴan kwaroro biyu ne kawai na ɗora ƙafa, in abu ya suɓuce wa matuƙi sai dai ya faɗa can cikin tumbin jirgin, kuma haka suka yi shi a robar, da ka leƙa zaka ga ramin. Injin ma layi biyu ne na silinda tara-tara, baƙin fenti da ɗan azurfa a busasshen burushi ya isa ya fito da shi tunda rabinsa murfi zai rufe.

Inda na yi wauta shine mahaɗar fiffike. Kit ɗin, wato kayan haɗin da ke cikin kwalin, ya baka zaɓi, ko ka naɗe fukafukan sama yadda ake ajiye shi a jirgin ruwa ko ka barsu a buɗe, ni na zaɓi a buɗe, sai gaggawa ta sa ban gwada a bushe ba kafin in sa gam, na dama ya ɗan ɗaga sama da na hagu da kamar kaurin farce. Da safe na gani. Sai da na bi layin da reza a hankali na ɓalle shi na sake, na ɓata kwana biyu a banza, laifina ne ba na kowa ba. Dan Allah in zaka haɗa naka ka riƙe su da tef tukunna ka kalle shi ta gaba ido ɗaya a rufe.

To yanzu ga inda maganar take. Haɗa robar gaba ɗaya bai ɗauke ni sati ɗaya ba, sauran sati huɗun duk a fenti da tsufarwa (wato sa masa datti da koɗewa ya yi kama da wanda ya sha aiki) suka tafi, kuma ni a wurina wannan shine babban abinda kit ɗin ya yi min, bai cinye min haƙuri wajen toshe ramuka ba, ya bar min shi na kashe a inda ido zai gani. Corsair kuma jirgi ne da ya dace da datti. Sojan ruwan Amurka da farko basu yarda da shi a jiragen dakon jirage ba saboda dogon hancinsa yana tare wa matuƙi gani wajen sauka kuma yana tsalle in ya dira, shine aka tura da yawansu wa sojojin Marin suka riƙa tashi daga tsibiran Solomon, yaƙinsa na farko a Gwadalkanal ne a Fabrairun 1943. Filayen can da dama da dakakken murjani aka shimfiɗa su, ga rana ga gishirin teku ga ruwan sama, babu rumfa, jirgi yana kwana a waje yana wuni a waje. Fenti kala uku ne a lokacin, shuɗi mai duhu a sama, shuɗi mai haske a gefe, fari a ciki, kuma a hotunan lokacin zaka ga mai duhun ya koɗe har ya kusa haɗewa da na gefen.

Na fara da azurfa a gindin fukafukai inda makanikai suke takawa, na bi da ruwan ɗorawa mai ɗan kore irin fentin ƙasan da ake sa wa alminiyam, sannan na fesa feshin gashi na mata sau biyu sama-sama (eh shi dai, kar ku yi dariya), ya bushe na ɗora shuɗin da ƴar bindigar feshi. Dabarar ita ce ruwa yana narkar da feshin gashin, saboda haka in ka jiƙa wurin ka goga da tsohon burushi mai tauri ko tsinken sakace sai shuɗin ya riƙa ɓarewa ƙanana-ƙanana, ɗorawar ta leƙo, can ƙasa azurfa ta leƙo. Kai abun akwai daɗi, kuma daɗin ne ya ja ni. Na ɓare gindin fiffike, na ɓare bakin murfin inji, hannu ya ƙi tsayawa na wuce har wajen bakin fukafukai ina ta fito da azurfa ina jin ni gwani, sai da na koma kan hotuna na tuna cewa wani babban sashe na wajen fiffiken Corsair ɗin nan yadi ne aka ja aka yi wa fenti, ba ƙarfe ba. Yadi kuwa ina zai samo azurfa? Ga shi ma Tamiya sun zana layukan haƙarƙarin yadin ɓaro-ɓaro a wurin, ni ne ban kula ba. Dole na rufe na sake fesawa, a can sai dai kawai na ɗan hasken shuɗin da ɗigon fari don ya nuna koɗewa.

Daga nan na dawo hankalina, duk tabon da zan sa sai na tambayi kaina daga ina ya fito. Babban tankin mai yana gaban matuƙi ne tsakaninsa da inji, kuma yana yoyo, shi yasa zaka ga an lilliƙa farin tef a layukan wurin, to nan na sa ɗigon fentin mai na masu zane, ruwan ƙasa mai duhu, na ja shi ƙasa da burushi mai ɗan danshin tina ya gangaro gefen ganga. Salansa a ƙasa suke bayan murfin inji, uku kowane gefe, hayaƙinsu baya yake bi ta ƙarƙashin ciki, na yi shi da garin alli mai kala, baƙi-baƙi a gefe toka-toka a tsakiya. Ƙurar murjani kuma fara ce, tayoyi da ƙofofin taya da inda takalmi ke hawa kawai na sa wa. Bayan jirgin wajen wutsiya kusan ban taɓa ba.

Sitikun ruwan, wato tamburan jirgin da ake jiƙawa a liƙa, sai ka fara fesa banish mai sheƙi kafin ka ɗora su, in ba haka ba iska zata maƙale a ƙasansu su yi wani fari-fari kamar ƙyasfi. Babban tauraron gefe na sha wuya kafin ya kwanta cikin layuka, sau uku ina shafa masa ruwan laushi ina danna shi da auduga, daga baya na bi kansa da shuɗi tsararo sosai don kar ya fi jirgin sabunta.

Wa zan ce ya saya? Wanda ya taɓa haɗa ɗaya ko biyu kuma yana so ya koyi tsufarwa, wannan ya yi masa daidai. Sabon shiga ma zai iya, amma ya sani babu gam babu fenti a kwalin, kuma kala ukun nan ba layi ne tsakaninsu ba, narkewa suke cikin juna, da burushin hannu zai yi wuyar fitowa. Belin kujera da tef na yanka na yi nawa, wayar eriya kuma har yanzu ban ɗaura ba, sau biyu tana tsinkewa a hantsaki, na bar ta sai ƙarshen sati.