9mm, .45 ko Tokarev: wanne ya fi huda bango?

Ɗan'uwa ya tambaya: ya ga bidiyon Amurkawa inda harsashin ƙaramar bindiga ke ratsa bango bayan bango, to tsakanin harsashin 9mm da na .45 (lambobin faɗin harsashi ne) wanne ya fi huda gini, kuma shin katangar bulo irin tamu tana tsare mutum?

Malam, fara cire bidiyon nan daga lissafi. Bangon cikin gidajen Amurka yawanci allon farar ƙasa ne mai kaurin rabin inci, an buga shi a jikin katako. Ko ɗan mitsitsin .22, wanda nauyinsa bai kai giram 3 ba, yana wuce shi. Hukumar FBI, mai binciken manyan laifuka a Amurka, ta sa allon bango cikin gwajin harsasanta bayan musayar wutar da jami'anta suka yi da 'yan fashi a Miami a 1986, tare da filawud da falankin ƙarfe da gilashin mota. Allon nan ba bulon siminti ba ne.

Mutane suna ɗauka harsashi mai kauri shi ne mai huda. Ba haka abin yake ba. .45 ACP, wanda John Browning ya ƙera kuma sojan Amurka suka ɗauka a 1911, faɗinsa ya haura milimita 11, nauyinsa kusan giram 15, amma gudunsa wajen mita 250 ne a sakan ɗaya. 9mm na Georg Luger yawanci wajen giram 8 ne, yana gudun mita 350 zuwa sama. Ƙarfin dukansu bai yi nisa da juna ba, sai dai na 9mm ya taru a wuri ƙarami, shi kuwa .45 ya bazu. Siririyar ƙusa ai ta fi mai kauri saurin shiga katako. Don haka a kan ƙarfe da katako mai tauri, 9mm ne yawanci kan gaba.

Wanda ya fi su duka biyun a wannan fanni shi ne 7.62x25 Tokarev na tsohuwar Tarayyar Sobiyat, harsashin bindigar TT-33. Siriri ne, giram 5 da rabi, gudunsa ya wuce mita 400. .357 Magnum na 1935 ma yana wannan sahu, ga gudu ga nauyi. .380 kuwa ƙanen 9mm ne, yana saurin gajiya.

Ƙirar kan harsashin tana da nata tasiri. Wanda aka lulluɓe dalmarsa da jan ƙarfe gaba ɗaya ya fi riƙe siffarsa. Mai rami a ka an yi shi ne ya buɗe ya tsaya da wuri, amma idan garin bango ya toshe ramin, sai ya ƙi buɗewa ya ci gaba da tafiya.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe, tunda kariyar gida kake tunani: bambancin da ke tsakanin bango da bango ya fi wanda ke tsakanin harsashi da harsashi girma. Kankare da jan bulo suna tsayar da duk waɗannan. Abin da za ka gani shi ne ɗan gurbi, filasta ta ɓare, dalma ta baje kamar an take ta. Katangar ƙasa mai kauri, irin ta gidajen da, ita ma tana shanye harsashi, dalilin da ya sa sojoji ke jera buhunan yashi ke nan. Inda nake da damuwa shi ne bulo mai rami, musamman inci 6 da aka cika wa yashi aka rage siminti, wanda kana murza gefensa da yatsa yana zuba. Tsakiyarsa iska ce, fuska biyu sirara ne kawai ke aiki, kuma in duka ya maimaitu a wuri ɗaya yana farfashewa. Inci 9 da aka cika raminsa da kankare wani abu ne daban. Rufin kwano, silin, ƙofar katako, ƙofar falankin ƙarfe marar kauri da taga ba sa tsare komai, ko da .22 ne.

Bango mai tauri yana da nasa haɗari. Harsashin da ya same shi a karkace yakan goce ya bi jikin bangon, ɓarɓashin siminti ma na iya fasa ido. Idan ana harbi a unguwa, a kwantar da yara ƙasa a ɗakin da ke can ciki, nesa da taga da ƙofa, kada a jingina da katangar waje.

Duk wannan bayani na ƙaramar bindiga ne. Harsashin AK-47, wato 7.62x39, wanda shi ne ya fi addabar garuruwanmu, gudunsa ya haura mita 700, ƙarfinsa kusan ninki huɗu na 9mm, kuma yana ratsa bulo mai rami. Mai gini da ke son kariya daga shi sai ya cika bulon ɗaki ɗaya da kankare tun daga tushe.