Wurin gyaran taya na kusa da kasuwar Dole

Jama'ar Damagaram duk mai mota da tayarsa ke cinyewa ta gefe ɗaya ya gwada malamin nan mai faci na kusa da kasuwar Dole, wallahi ya san aikinsa. Ba ya saurin cewa sayi sabuwa, sai ya shafa tayar da hannu tukuna, in baki biyu suka cinye iska ce ta yi kaɗan, in tsakiya ce iska ta yi yawa, in gefe ɗaya ne to ƙafafun motar ne ba su daidaita ba, kuma ya nuna min lambobi 4 na jikin tayar masu faɗin sati da shekarar da aka ƙera ta, abin lura ga masu sayen na hannu, musamman da zafin kwaltar hanyar Tanut.

Kada a raina cin taya fa. 

Matsalar mai facin ɗaya ba rumfa, ku je da sassafe. Kuɗinsa kuma da sauƙi.