Sharhi: Nutso da tukunyar iska a Dutsen Chumphon

Dutsen Chumphon yana ƙarƙashin teku, arewa maso yamma da tsibirin Ko Tao na ƙasar Tailan, tafiyar kusan minti 45 a jirgin ruwa. Wanda ya san duwatsun Rano ya san siffarsa, sai dai shi ruwa ya haɗiye shi: ƙololuwarsa na kusan mita 14 daga saman ruwa, gindinsa ya zarce mita 30. Na biya ɗaya daga cikin shagunan nutso na tsibirin kuɗin jirgi da hayar kaya da jagora. Samarinmu na Tiga da Bagwai da Ƙaraye da suka iya ruwa suna yawan tambaya ko iyawarsu ta isa wannan aiki, to ga yadda abin yake.

Iya ninƙaya kaɗai bai isa ba, wani lokaci ma shi ne matsalar. Gwanin dam ya saba cika ƙirji ya riƙe numfashi, kuma da tukunya a baya wannan ɗabi'a kisa take yi. Duk mita 10 da ka sauka, matsin ruwa na ƙaruwa da ba 1 ("ba", wato bar, shi ne awon matsi). Iskar da ka zuƙa a mita 10 sai ta ninka girmanta biyu kafin ka iso sama, in ka toshe mata hanya huhu ne zai yage. Shagon ya nemi takardar shaidar horo kafin ya karɓi kuɗi, kuma na yaba masa. Shaidar PADI, ƙungiyar horar da masu nutso, ta matakin farko iyakarta mita 18, ta biyu mita 30. Mai ta farko kan dutsen kawai zai lasa.

Kayan haya ba laifi, amma kada ka ɗauka an duba maka. Tukunyar ta alminiyom ce, lita 11, ana cika ta ba 200. Ka buɗe ta ka saurara: in ka ji tsiyayar iska a wuyanta, zoben robar ya mutu, a canza shi nan take. Ka sa abin zuƙa a baki ka ja numfashi uku idonka na kan ma'auni. In allurar ta faɗi ta sake tashi, makunnin bai buɗe duka ba, kuma a mita 30 iskar za ta yi maka gardama. Ka kuma shinshina iskar. Iska mai kyau ba ta da wari ba ta da ɗanɗano. Wannan ya shafi masu tunanin cika tukunya da injin mai faci a gida: injin nan yana tura tururin mai da hayaƙin janareto cikin iskar, gubar hayaƙin kuwa ba ta ma da wari, sai dai mutum ya sume a ƙasa. Robar bakin abin zuƙar da aka fara miƙo min duk an tauna ta, sai da na yi magana aka sauya.

Ruwan gishiri ya fi na dam ɗaga mutum, don haka wanda ya saba da ruwan daɗi zai ƙara dalma kilo 2 zuwa 3. Iskar cikin tukunya ma tana da nauyi, ta haura kilo 2. In ta ƙare sai ka ji ruwa na tura ka sama daidai lokacin da ake so ka tsaya cak.

Sauka da igiya ake yi, wadda aka ɗaure daga sama zuwa dutsen. Ba tudu ba gaɓa, in ka saki igiya ruwa na ja, sai ya wuce da kai cikin shuɗin teku ba ka ga dutsen ba. Duk mita ɗaya ka toshe hanci ka hura a hankali har kunne ya buɗe. In ya ƙi, ka ɗan koma sama. Wanda ya taso daga hunturu da mura ya haƙura har ya warke.

Lissafin iska ne kan gaba a wannan wuri. Tukunya ta ɗauki lita 2,200. Cire ba 50 na ajiya, saura lita 1,650. Mai shan lita 20 a minti a sama zai sha 80 a mita 30, wato kusan minti 20 ke nan. Jadawalin PADI ma minti 20 ya ba mai iska ta gama-gari a wannan zurfi, kafin naitirojin ta taru a jiki. Jagoranmu ya fara da mafi zurfi, yana kewaya dutsen yana hawa, a ba 100 ya juya zuwa igiya. Haka ya dace. A kusa da mita 30 kuma akwai wani ɗan maye da naitirojin ke sa wa, mutum ya duba ma'auni ya kasa riƙe lambar da ya gani. Maganinsa ka hau mita kaɗan.

Abin kallo ya biya kuɗinsa. Kan dutsen a lulluɓe yake da wasu halittu masu yatsu masu laushi, ƙananan kifaye na ɓuya cikinsu. Kifayen barakuda na kewayawa garke guda har su tare haske, a cikin ramuka kuma akwai manyan kifaye masu faɗin baki da ba sa tsoron mutum. Kifin nan mai ɗige-ɗige da ya fi kowane kifi girma a duniya yana biyowa wani lokaci, amma duk shagon da ya yi maka alkawarinsa ciniki yake nema. Ja shi ne launin da zurfi ke fara cinyewa, saboda haka ka riƙe tocila ko da rana tsaka.

Inda shagon ya gaza, cunkoso ne da haɗa marasa daidaito. Jirage da dama suna haɗuwa da safe, igiya ta cika a mita 5 inda kowa zai tsaya minti 3, wannan ya shure ka, wancan ya kama maka bututu. An haɗa mu da mai saurin shan iska, dole duk rukuni ya tashi da wuri saboda shi. Jagora kaɗai ke ɗauke da balan-balan ɗin alama da ake harbawa sama don jirgi ya gan ka, alhali a wuri mai jan ruwa kowa ya kamata ya riƙe tasa. Bayanin kafin shiga da Turanci aka yi shi, a gurguje. In ba ka gane alamomin hannu ba, ka tsayar da shi ya maimaita. Akwai tukunyar oksijin ta gaggawa a jirgin, na nema an nuna min. Abincin jirgi kuwa ka tambaya kafin ka sa hannu, naman alade ba baƙo ba ne a can.

Wajen tashi kada ka wuce mita 9 a minti. Watan Nuwamba iskar damina ke tayar da tekun nan, ruwa ya gurɓace, jirage su riƙa fasa fita. Kuma kada ka yanki tikitin komawa Kano washegari da sassafe: bayan nutso fiye da ɗaya sai an yi aƙalla awa 18 kafin hawa jirgin sama.