Audi R8 ta hannu a titunan Abuja: yadda na zaɓa da yadda na same ta

Motar da zan yi sharhi a kanta Audi R8 ce mai injin V10, ƙirar 2014, wadda aka hau a Amurka kafin a shigo da ita Najeriya. A hannun wani dillali na saye ta a nan Abuja. Na ga damina da ita, na ga hunturu, na kuma ga zafin watan Maris, don haka ina jin ina da bakin magana. A taƙaice na gamsu da ita, amma ba don dalilin da mutane suke zato ba. Gudunta kam ba a cewa komai, sai dai abin da ya sa na zaɓe ta shi ne na san wanda zai gyara min ita idan ta yi tari.

Da farko ba R8 ce a raina ba, Lamborghini Gallardo nake so tun ina saurayi. An ƙera ta daga 2003 zuwa 2013, guda 14,022 kamfanin ya fitar, saboda haka ba ta da wuyar samu a kasuwar waje. Abin da ya sanyaya min jiki giyarta ce, wadda suke kira e-gear. Kuloci ɗaya gare ta kamar motar hannu, kwamfuta ce kawai take taka maka shi. A buɗaɗɗen titi ba laifi, amma ka shiga cunkoson AYA da safe ko na titin Aminu Kano a Wuse 2 da daddare, kana ja kana tsayawa, kulocin ne yake cin wuya, kuma canja shi ba aikin yini ɗaya ba ne. Na duba Nissan GT-R, mai injin lita 3.8 da tabo (turbo, na'urar cusa wa inji iska don ƙara ƙarfi) biyu. Mota ce ta gaske, amma duk wadda na gani a garin nan an riga an taɓa mata kwamfuta don ƙara ƙarfi, kuma mai ita ba ya iya gaya maka wanda ya yi aikin. Ferrari 458 kuwa kallo kawai na yi na wuce, kuɗinta ya fi ƙarfin abin da na ware, kuma ban ga bakaniken da zan miƙa wa ita in yi barci ba.

R8 ta shigo lissafi ne saboda injinta na lita 5.2 ɗan gida ɗaya ne da na Gallardo ta baya-bayan nan, tunda Audi ce ta mallaki Lamborghini tun 1998. Ƙarfin doki 525 gare ta. A garin Neckarsulm na Jamus aka haɗa ta. Abin da ya fi muhimmanci ga mai saye shi ne shekarar. R8 ta farko-farko tana da giyar R tronic, mai irin matsalar waccan ta Gallardo. A ƙarshen 2012 kamfanin ya sabunta motar ya sa mata S tronic mai giya bakwai da kuloci biyu, kuma a Amurka ƙirar 2014 ce ta fara zuwa da ita. Bambancin a fili yake ko a bakin gareji: tsohuwar tana fizga idan za ka tashi a hankali, sabuwar tana silalewa kamar kowace Audi. Duk wanda zai saya don ya riƙa hawa a cikin gari, kada ya bari araha ta ja shi zuwa tsohuwar giya, sai dai in mai giyar hannu ya samu, ita kuwa masu ita ba sa sakinta da arha.

Guda biyu na samu a kasuwa a lokacin. Ɗaya ja ce, tana walƙiya, malejinta kaɗan ƙwarai, kujerunta kamar ba a taɓa zama a kai ba. Ɗayar ruwan toka ce, ta yi tafiya kusan ninki uku na jar, gaban bambarta duk tabon tsakuwa, gefen kujerar direba ya ɗan goge. Dillalin jar ya kama hannuna ya ce, "Alhaji, wallahi wannan ajiya ce, ba hawa ba. Mai ita a Amurka tsoho ne, sai ranar Lahadi yake fito da ita." Na ce masa, "Malam, Allah ya sa haka ne. Ba ni lambar casis tukuna."

Lambar nan mai haruffa da alƙaluma 17 ita ce ta raba gardama. Duk motar da ta zauna a Amurka, idan ka sa lambarta a shafin intanet na Carfax ko AutoCheck za ka ga tarihinta: jihar da aka yi mata rajista, lokutan da aka kai ta juyen mai, malejin da aka rubuta a kowane zuwa, da ko kamfanin inshora ya taɓa yanke cewa ta tashi daga aiki. Jar nan a Florida ta zauna, kuma bayan guguwar Ian ta watan Satumbar 2022 aka fitar da ita gwanjo a matsayin wadda ruwa ya ci. Da na nemi hotunan gwanjon da lambar, sai ga ta da laka har saman taya. Bakanikena bai ma jira hoton ba. Ya tura kujerar baya, ya haska tocila a kan ƙarfen da take gudu a kai, ya nuna min tsatsa a kan kusoshin. Ya ɗaga gefen kafet ya sa yatsa, ya fito da wani farin gari kamar gishiri. Ya jawo bel ɗin kujera har ƙarshe, can ƙasa akwai layin datti inda ruwa ya tsaya. Ya ce, "Oga, wannan ta yi wanka a teku. Yau za ta tashi, gobe za ta tashi, amma wata rana wayoyinta za su fara magana ɗaya bayan ɗaya." Ruwan gishiri a hankali yake cin wayoyi da kwamfutocin mota, kuma ba wankin da yake fitar da shi.

Ruwan tokar tarihinta a miƙe yake, ana kai ta sabis a kan kari, malejin yana hawa daidai da shekaru, babu inda ya koma baya. Ni a wurina irin wannan motar da aka hau aka kula da ita ta fi wadda aka jingine shekara da shekaru, domin zama yana busar da robobi, yana kashe batir, yana sa mai ya lalace a tanki.

Duk da haka sai da muka ɗaga ta sama. Dillalin bai so ba, ya ce a duba a inda take. Na ce ba zan ba da ko kafin alƙalami ba sai an kai ta garejin da na zaɓa, ni zan biya kuɗin dubawa. Muka kai ta wajen wani mai gyaran motocin Jamus a Apo. Jikin R8 da ƙashinta na alminiyom ne, saboda haka dabarar nan ta manna maganaɗisu a jikin mota don gano inda aka cike da faci ba ta aiki a kanta. Sai da na'urar auna kaurin fenti mai karanta alminiyom. Mun sami bambar gaba an sake mata fenti, wanda bai dame ni ba, amma ƙashin ba walda, ba lanƙwasa. Wannan shi ne abin tsoro, domin ƙashin alminiyom ba kowane mai walda ne yake taɓa shi ba, kuma wanda aka buga aka miƙe da guduma ba zai koma yadda yake ba. Ya jona mata kwamfuta ya karanta injin da giya. A nan ne kasancewarta Audi ya yi rana, na'urar da yake duba sauran motocin gidan Volkswagen da ita ce ta karanta ta tsaf.

Abu biyu ya gano. Shakazoba ɗaya ta baya tana tsattsafar da mai. Irin mai maganaɗisu ce, wadda take tauri ko laushi da danna maɓalli, kuma zubar mai sanannen ciwonta ne a wannan ƙirar. Na biyu tayoyin. Zanensu da saura sosai, amma da ya karanta alƙaluma huɗun da ke gefe, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, sai muka ga sun tsufa, robar ta yi tauri. Da waɗannan biyun na zauna ciniki. Na yi tayi, ya ce albarka, muka yi ta ja har sai da ya cire kusan kuɗin gyaran kafin ya sallama. La'adar ɗan tsakiyar da ya haɗa mu daban.

Takardun kwastan ma na bi su da kaina. Tun 2022 hukumar take ƙiyasta kuɗin fito da lambar casis, kuma tun farkon 2017 aka hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa, sai ta tashar ruwa. Wannan ta Tin Can a Legas ta shigo. Na kai takardun ofishin kwastan aka tabbatar lambar da ke jiki ita ce ta motar, kuma shekarar da aka rubuta ita ce shekararta ta gaskiya. Motar da aka rage wa shekaru a takarda don a biya kaɗan, ranar da aka tare ta a hanya mai ita ne zai cike giɓin, ba dillali ba.

Yanzu ga hawan. Injin a bayan kujera yake, ƙarƙashin gilashi, kana ganinsa daga waje. Ba shi da tabo, saboda haka ƙarfin ba ya zuwa da bazata, hawa yake yi tare da allurar juyin inji har ta wuce 8,000 a minti, kuma daga wajen 5,000 muryarsa take canjawa daga gurnani zuwa wani kaifin kuka da sai ka ji a ƙirjinka. Da asuba a titin filin jirgin sama, kafin motocin Lugbe su fito, na fi jin daɗinta. Gaskiyar magana kuwa, iyakar gudun ƙananan motoci a babban titi kilomita 100 ne a awa, ita kuma tana kai wannan cikin ƙasa da daƙiƙa huɗu, saboda haka mafi yawan ƙarfin da na biya kuɗinsa a ajiye yake. Masu tsallaka titi da ƙafa a hanyar Kubwa da masu tasi da ke tsayawa ba sigina sun isa su sa mai hankali ya ɗaga ƙafa. Inda ta fi burge ni ma ba a miƙaƙƙen titi ba ne, a kwanonin Guzape ne da hawan Katampe, inda tayoyi huɗun suke riƙe kwalta, sitiyarin kuma yana gaya maka duk abin da ke ƙasa. A cunkoso ba ta da rigima, ana ganin gaba sosai, na'urar sanyi tana aiki ko da rana tsaka.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya gajartarta ce. Wannan ƙirar ba ta zo da na'urar ɗaga gaba ba, wadda wasu Gallardo suke da ita. Tudun rage gudu na cikin unguwannin Gwarimpa sai na bi shi a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, motocin baya suna ta hon. Akwai gidajen 'yan'uwa da na daina zuwa da ita saboda gangaren ƙofarsu, har ƙofar gidana sai da na kira magini ya kwantar da simintin. Da damina idan hadari ya haɗu ba na kusantar Lokogoma ko shataletalen Galadimawa da ita, domin ruwan da Hilux za ta ratsa ba tare da ta sani ba, ita zai iya kashe ta. But ɗin gaba lita 100 ne kacal, jaka ɗaya ta cika shi. Rediyo da taswirarta tsofaffin yayi ne, ƙaramar motar Koriya ta bana ta fi ta a nan. Ranar da Hajiya ta fara shiga da lafaya, da ƙyar ta zauna, ta dube ni ta ce, "Alhaji, duk kuɗin nan a ƙasa za mu zauna?" Tun daga ranar ta koma motarta.

Sai batun mai. Kamfanin ya fi son a ba ta mai lambar okten (ma'aunin juriyar fetur ga matsi a inji) 98, ƙa'idar man da ake sayarwa a ƙasar nan kuwa 91 ce. Kwamfutar injin tana ja da baya don kada ya yi ƙwanƙwasa, amma ƙarfi yana raguwa, musamman a zafin rana. Gidan mai ɗaya na riƙe wanda na yarda da shi, ina ƙara maganin ɗaga okten, kuma ba na matsa mata da tsakar rana a watan Afrilu. Shan man kuwa, tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowane cika tanki sai na ji a jikina, amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Akwai kuma wani ciwo na irin wannan injin mai fesa mai kai tsaye cikin silinda: man ba ya bi ta kan bawul ɗin shigar iska balle ya wanke shi, sai baƙin dauɗa ya taru a kai. Ana buɗewa a kankare shi da garin ɓawon goro na Turawa (walnut) da ake fesawa da iska. Bakaniken ya leƙa da ƙaramar kyamara, ya ce da saura, amma yana nan tafe. Ƙurar hunturu ma tana toshe matatar iska da wuri fiye da abin da littafin motar ya tsara, ni dai duk ƙarshen hunturu nake canjawa.

Inshora kada a yi wasa da ita. Ta dole ɗin nan naira 15,000 ce tun Janairun 2023, kuma abin da take biya na ɓarnar dukiyar wanda ka buga bai wuce miliyan 3 ba, motarka kuwa ko sisi. Cikakkiyar inshora ba ta gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar a shekara, ka lissafa da kanka. Na yi ta, kuma na sa sun rubuta cewa ambaliya tana ciki.

Kayan gyara su ne suke gwada haƙurin mutum. Ƙananan abubuwa irin su kwayil da wasu na'urorin ji (sensa) ana samu, tunda tana tarayya da wasu Audi a kansu. Taya mai faɗin 295 ta baya, faifan birki da shakazoba kuwa daga Dubai ko Jamus ake odarsu, da dala, kuma sai an jira. Kamfanin ya daina ƙera R8 gaba ɗaya a 2024, don haka duk abin da na san zai ƙare ina saye in ajiye tun kafin a buƙata. Shakazobar bayan na canja guda biyun tare, domin ba a canja ɗaya a bar ɗaya. Na gaban har yanzu a bushe suke, amma duk juyen mai sai na sa an haska su.