Video Chess na Atari 2600: Darar Ces a Cikin Bayit 128

Kamfanin Atari ya fitar da kaset ɗin Video Chess a shekarar 1979, kuma har yau duk wanda ya san ƙarfin Atari 2600, na'urar wasannin bidiyo da ake jonawa da talabijin, zai yi mamakin yadda Larry Wagner da Bob Whitehead suka iya cusa cikakken wasan darar ces a cikinta. Ma'ajiyar aikin na'urar ba ta wuce bayit 128 ba (bayit ɗaya wurin ajiye kamar harafi ɗaya ne), shi kuwa kaset ɗin kilobayit 4 ne kacal, wato kimanin bayit dubu huɗu, amma a cikin wannan ɗan wuri take riƙe matsayin kowane ɗa a kan allo, ta bi ƙa'idojin wasan, sannan ta yi lissafin abin da za ta taka.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka zana allon. Asali ba a ƙera na'urar don ta nuna abubuwa takwas a jere ɗaya ba, sai Whitehead ya ɓullo da dabarar zana 'ya'yan da layuka tsallake-tsallake, wasu a wannan layin talabijin, wasu a na ƙasansa. Shi ya sa idan mutum ya matso kusa zai ga doki da sarauniya a yanke-yanke kamar ana hango su ta tsakanin sandunan taga. Da farko ido yakan sha wahala wajen bambance su, amma yana sabawa.

Da sandar sarrafawa ake matsar da alama zuwa kan ɗan da ake so, a danna maɓalli, a kai shi gidan da aka nufa. Idan takun ya saɓa wa ƙa'ida, na'urar ba ta karɓa.

Babban aibinsa shi ne jira. Duk lokacin da na'urar ta shiga tunani, allon yakan ɓace gaba ɗaya, fuskar talabijin ta riƙa sauya launi, domin ƙwaƙwalwarta ba ta iya haɗa lissafi da zane a lokaci guda. Wasan yana da matakan wahala daban-daban: a matakin farko jiran 'yan daƙiƙoƙi ne, amma a mataki na bakwai taku ɗaya kan iya cin awa goma. Wannan ya fi damuna ne saboda mai wasan ces yakan yi nasa nazarin a lokacin da abokin karawarsa ke tunani, a nan kuwa an hana shi ko ganin allon.

Ga mai neman abokin karawa mai ƙarfi, wasan The Chessmaster na na'urar Nintendo NES, wanda ya zo bayan kimanin shekara goma, ya fi shi nesa ba kusa ba. Amma mai tara tsofaffin kaset da ya samu Video Chess kada ya bari ya wuce shi. Ina ba da shawarar a tsaya a matakai uku na farko, a kuma ajiye allon ces na gaske a gefe, ana kwafe kowane taku a kansa.