Akwatin kifina ya fara yoyo a bene na uku

Ƙanena, ina gaishe ka, ka gaida mini Inna da duk mutanen gida. Ka tambaye ni ko akwatin gilashin nan na kifin teku da ka gani a hoto zai yi a Tawa. To ga abin da ya same ni da shi makon jiya a nan Liyon ta Faransa.

Na tashi sallar asuba sai na ji ƙafata cikin ruwa. Ɗanƙon silikon da ke riƙe da gilashin ne ya saki ta kusurwar ƙasa. Lita 300 ke ciki, ga mutane a ƙasana. Abin da ya ɗan kwantar mini da hankali, a Faransa dole ne ɗan haya ya yi inshorar gida. In ruwanka ya ɓata ɗakin maƙwabci, takarda ɗaya za ku cike ku aika, babu cacar baki. Garanti kuwa na shekara 2 ne, nawa akwatin ya shekara biyar.

Na kira mai gyara, ya ce sai bayan mako biyu. Raina ya ɓaci, don a gida da kafin azahar mai gilashi ya iso a kabu-kabu. Amma ya gaya mini gaskiya: sabon silikon ba ya kama tsoho, sai an ɓalle gilashin duka an kankare. Sai na sayi sabo ta intanet, Yuro 600, kusan jika 400 na sefa ke nan. Kwana uku ya iso, ko ƙwarzane babu. Direban ya ajiye shi bakin ƙofar ƙasa, ya ce aikinsa nan ya tsaya. 'Yan uwanmu biyu na kira, su suka taya ni hawa da shi.

Kwashe abin da ke ciki shi ne babban aiki. Tun ranar farko na zuƙe ruwan cikin bido da robobi, na sa kifayen a wata babbar roba da na'urar ɗumama ruwa da ɗan injin da ke motsa shi. Murjani kuwa, wanda kake zaton fure ne, dabba ce mai rai, kuma tana son haske saboda wasu ƙananan tsirrai da ke zaune a jikinta suna ciyar da ita. Kowane na ware shi, don in suka taɓa juna suna ƙona juna. Duwatsun ma ba a bari su bushe: ƙwayoyin da ke cinye dafin kashin kifi a jikinsu suke, in sun mutu kifi ya bi su. Tsohon yashi na zubar, da na tona shi warin ruɓaɓɓen ƙwai yake. Duk da haka murjani guda ya yi fari fat ya mutu, har yanzu abin yana raina.

Sauran ruwan haɗa shi na yi. Ruwan famfo sai an tace shi, sannan a zuba gishiri har ya kai giram 35 a lita, kamar na teku. Gishirin Bilma ba zai yi ba, nasu na musamman ne mai sinadaran da murjani ke gina jikinsa da su, kuma shagon da ke sayar da shi da ƙafa nake zuwa.

Kaya kam ana iya aiko maka. Zafi ne damuwata. Ruwan nan digiri 25 yake so dare da rana, Tawa kuwa a watan Afrilu ta wuce 40. Sai da na'urar sanyaya ruwa, kuma in wuta ta ɗauke na wasu awoyi ruwan ya tsaya, kifi ya rasa iska. Ni dai shawarata ka fara da ƙananan karfasa irin na tabkin Tabalak. Auno mini faɗin wurin da kake son ajiye akwatin, in mai zuwa ya samu zan haɗo shi da injin iska mai batir.