Israfi ko almubazzaranci?

Dukansu daga Larabci Hausa ta aro su, amma malamai sun bambanta su. Israfi wuce iyaka ne a abin halal: a cika ciki har numfashi ya gagara, ko a bar famfo na kwarara ana alwala. Suratul A'araf, aya ta 31, ta yi hani da shi a ci da sha.

Almubazzaranci ya fi muni a ganina, domin zuba dukiya ne inda bai dace ba, ko kwabo ne. Suratul Isra'i, aya ta 27, ta kira masu yinsa 'yan'uwan shaiɗanu. A yau shi ya mamaye bakin jama'a, musamman kan dukiyar gwamnati, israfi kuwa sai a wa'azi.